Kofunan Ƙusa na Baba Shiru

Shekara talatin da ɗaya Baba Shiru yana riƙe da shagon kafinta, amma ba da kyawun kujerunsa yake tinƙaho ba. Abin alfaharinsa shi ne bakinsa bai taɓa ce wa ɗan Adam "na sallame ka" ba. Gaskiya ne kuwa. Sai dai ku tsaya ku ji yadda yake yi.

Kowane ma'aikaci a shagon yana da kofinsa na shayi a kan kanta, kusa da inda ake rataye zarto. Da safe Baba da kansa yake zubawa ya miƙa wa kowa. Idan mutum ya ishe shi, ba faɗa, ba zagi. Rannan kawai za ka zo ka tarar an zuba ƙananan ƙusoshi a kofinka. Ka gaishe shi ya amsa da ka, aiki ya zo ya ba wani. Mai hankali yakan yi sati biyu ya tattara kayansa, a rabu ana "Allah ya bar zumunci". Wai shi nan kara ce, kada a ci fuskar magidanci. In an yi magana ya ce ai shiru ma magana ce.

Har aka zo kan Mai Fenti. Shekararsa ashirin da biyu a ɗakin feshi na bayan shagon. Shi ya fesa gadon auren 'yar Baba, Yaya ma yake ce wa Baba. Kwatsam sai ya fara zuwa da hantsi, yana tashi kafin la'asar, fenti yana yi wa kabad hawaye. Baba ya sa ido wata guda, ransa na ɓaci, sannan ya zuba ƙusa a kofin. Mai Fenti ya dubi kofin, ya mayar da shi kan kanta. Ya yi sati shida yana zuwa yana zama a kan benci, daga nan aka daina ganinsa.

Sai ga takarda daga ofishin ƙwadago, wai Mai Fenti yana ƙarar Baba ya kore shi ba sanarwa, ba dalili.

"Ni? Kora? Yaushe?" Ya juya takardar ya duba bayanta ko sunan wani ne. Ya karanta sau huɗu, kansa ya ƙara ɗaurewa. Abin da ya fi ci masa rai ba ƙarar ba ce, wanda ya kai ta ne.

'Yarsa ce ta nuna masa bango. Shekara uku da suka wuce ta matsa masa ya shiga ƙungiyar masu sana'a da 'yan kasuwa, shi kuwa tunda ya karɓi takardar shaidar ya rataye ta a kan wata tsaga ta bangon, bai taɓa leƙa taronsu ba. Ta ce, "Baba, suna da lauya, kuma don irin wannan ranar aka ajiye ta. Ka sa hularka mu tafi."

Lauyar mace ce mai tabarau, da ƙyar ta girmi 'yarsa. Ta ba shi kujera, wadda ya lura ƙafarta ɗaya na rawa, ta buɗe littafi.

"Baba, ka sallame shi?"

"Allah ya kiyaye."

"To shi ya ajiye aiki?"

"Bai ce ba."

"Yana zuwa aiki?"

"A'a."

"To ma'aikacinka ne ko ba ma'aikacinka ba ne?"

Wallahi Baba bai sani ba! Ya kwashe labarin kofi ya faɗa mata, yana jiran ta yaba. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, ranka ya daɗe, hana mutum aiki da gaisuwa har ya gaji ya tafi, a wurin hukuma kora ce. Ta ma fi muni, don ba a faɗa masa laifinsa ba. Ƙa'ida ita ce ka kira shi, ka gaya masa abin da ka gani, ka saurare shi. In bai gyara ba ka rubuta masa gargaɗi."

"In rubuta wa ƙanena wasiƙa, alhali ga ni ga shi? Wannan ai rashin kunya ce."

"To ƙusa fa?"

Abin da ya ɗauka mutunci ne an ce laifi, abin da ya ɗauka cin fuska ne an ce shi ne daidai. Duniya ta juya masa baya ko shi ya juya mata, oho.

Lauyar ta nemi ofishin ƙwadago su ɗan dakata, ƙungiya za ta gwada sulhu. Ta ce masa ranar zaman tambaya ɗaya tak take so ya yi da bakinsa: me ya faru? Baba ya yini yana maimaita ta a gaban katako kamar ɗan makaranta.

Ranar Laraba da safe Mai Fenti ya shigo ofishin lauyar, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Baba ya dubi ƙasa, ya dubi fanka, ya yi gyaran murya sau uku.

"Ƙanena... me ya faru?"

Mai Fenti ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Ta asibiti ce. Ƙirjinsa ne, likita ya ce warin fenti na shekaru ya taɓa masa huhu. Safiyar da yake makara, layin ganin likita yake bi. Da rana kuma numfashi kan ƙi, hannu ya ɗauki rawa.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Yaya, ta yaya zan ce maka fentin shagonka ne ya yi mini haka? Kamar ina ɗora maka laifi. Na ɗauka za ka tambaya." Ya yi tari mai tsawo. "Sati shida ina kan bencin nan ina jira. Ba don a ba ni wani abu na kai ƙara ba. Na rasa hanyar da zan sa ka yi mini magana ne."

Kunya ta kama Baba irin wadda bai taɓa ji ba, har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Sauran aikin lauyar ce ta yi. Aka rubuta cewa Mai Fenti zai koma gaban shago yana karɓar masu saye, da ranakun asibitinsa, magani a kan shago. Ɗakin feshi za a fasa masa taga, a sa fanka mai jan iska, duk mai shiga ya sa takunkumi. Kowa ya sa hannu, aka janye ƙara.

Da za su fita Baba ya tsaya a bakin ƙofa. "'Yata, waɗanda suka tafi tun da can fa? Su ma kora ce?"

Ta ce, "Wannan lokacinsa ya wuce, Baba. Ba wanda zai kai ka ƙara."

Ba abin da ya tambaya ke nan ba, amma ya yi godiya.

Washegari ya riga kowa zuwa shago. Ya juye ƙusoshin kofin Mai Fenti, ya wanke shi da sabulu, ya cika da shayi. Da ya juya zai ajiye buta, idonsa ya faɗa kan ƙarshen kanta. Kofuna tara ne jere, kowanne cike da ƙusa, ƙura ta rufe su. Ya san mai kowanne, har da yawan sukarin da yake sha. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da Baba ya san abin da ya same shi.