Ruwan da Aka Wanke daga Kiɗan Iya Gambo

A gidanmu na Damagaram murhu ba ya mutuwa da an sauke tuwo. Kakata Iya Gambo takan tura ragowar itace ciki, ta ja tabarma kusa, mu jikoki mu kewaye ta. Bazawara ce mai sayar da soyayyar gyaɗa a gindin katangar silima, irin marar rufin nan, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba, don a lokacin mace mai mutunci ba ta shiga. Abin da ya tsallako katanga shi ne rabonta, wato kiɗa da maganar da ba ta ji.

Wata shekara aka kawo wani fim na Turawa aka yi ta maimaita shi, har kiɗan ya zauna mata a ka. Daga wannan kiɗa ta ƙera tatsuniyar da muka fi so. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan ta jiƙe sharkaf, wa zai ba ta wuri?" Mu ce ta zo mu matsa mata.

Wai a wani gari ne ruwan sama ya tsinke ya ƙi tsayawa, wuta ta mutu a kowane gidan talaka. Wata mata uwarta na kwance sanyi ya kama ta, sai ta ɗauki kasko ta fita neman garwashi. Ta buga ƙofar attajiri, aka ce ba a ba da wuta da ruwa. Ta buga ta sarkin kasuwa, aka leƙo ta taga aka rufe. A kowace ƙofa Iya takan rera kiɗan nan ta hanci, a hankali, tana goga tafinta a kan tabarma, shaa, shaa, har mu ji kamar rufinmu ne ke yoyo. Daga ƙarshe wata makauniya ta ba matar garwashi ɗaya. Ta rufe shi da jikinta har ya ƙone mata zane, ta iso gida da shi da ransa, ta tarar uwar ta riga ta cika.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta bar uwar ta rayu ba. Ta ce, "Ke, ni na yi kiɗan? Ki saurare shi da kyau, akwai wanda ya rayu a ciki?"

Da wannan tatsuniya na yi renon 'ya'yana, da ita na zo Greensboro ta Amurka wurin ɗana, kuma ba yabon kai ba, duk matan Nijar da ke gidajen hayarmu sun san idan na fara ba mai tashi. Jikata Hadiza ma a kanta ta girma, ko da yake da Turanci take amsa mini rabin magana.

Ran nan Hadiza ta ɗauke ni a mota za mu sayo garin masara da busasshen kifi a High Point Road. Ta tura faifan sidi, ta ce na karatunta ne na jami'a, kiɗan wani tsohon fim ne na Italiya. Da ya fara sai na ji kiɗan Iya ne. Na hau rerawa har na riga shi zuwa gaɓa ta gaba. Yarinyar ta dube ni har mai motar baya ya danna mata oda.

"Tsohuwa, ashe kina zuwa silima a ɓoye ba mu sani ba?"

Na ce uwarta ce ke zuwa, ta kalli hanya. Sannan na ce ta ƙara sauti, don akwai abin da ban ji ba. Ga goge, ga sarewa, kowanne fes kamar a cikin motar ake yi, amma ruwan sama, shaa ɗin nan na Iya, bai sauko ba. Na tambaye ta ina suka kai shi. Sai ta gane. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa, cewa wannan shaa ɗin tsufa ne da ƙarcewar abin da aka naɗi sautin a kai, masu injuna sun zauna sun wanke shi, abin da ma aka rubuta a jikin kwalin ke nan. Ta ce fim ɗin labarin talakawa ne a wani birni, ta gan shi, ko ɗigo ba ya sauka a ciki.

Ta so ta kawo mini shi gida mu kalla. Na ƙi. Da ta matsa, na ce ta kunna a falo, ni zan zauna a kicin da bango tsakaninmu, yadda Iya ta ji shi. Na jingina da bangon na rufe ido ina jiran ko wani labari zai zo mini. Na ji kiɗa mai daɗi, na ji Turawa suna faɗa da kuka, shi ke nan. Firij ne kawai ke gurnani a gefena.

Muna yara mun ɗauka darasin shi ne kada ka rufe wa jiƙaƙƙe ƙofa, haka kuma na koya wa nawa. A kicin ɗin nan na ga abin da ban gani ba ina zaune a gabanta. Matar da ke tsaye a waje tana jin motsin mutane a ciki, Iya ce. Dare bayan dare tana gindin katanga da faranti, maza na wuce ta suna shiga, sai ta kwashi abin da ya zubo mata, har da dattinsa, ta kawo mana gida. Ni ma ga ni a ƙasar da ake magana ta bayan bango, sai abin da jikoki suka ga dama suka miƙo mini.

Ban ji haushin masu wankin ba, aikinsu suka yi. Abin da ya same ni daban ne. Tun daga ranar, idan na buɗe baki zan rera, na cikin sidin ne ke fitowa, mai santsi, mai sauri. Na Iya, da jan hancinta da inda numfashi ke yanke mata, na neme shi na rasa. Hadiza ta ce ko ta jefar da faifan, na ce ta bar abinta, ya riga ya shiga.

Har yanzu ina yi wa ƙanana tatsuniyar ranar Asabar. Idan matar ta isa ƙofar attajiri sai in yi shiru daidai tsawon kiɗan, ina goga hannu a kan kafet da ba ya ƙara. Yaran su ɗauka mantuwa ce, su ce, "Kaka, sai me ya faru?" Sai in wuce ƙofa ta biyu.