Kwikwiyon da Inna Ta Ba Wa'adi

Ni ba mutumin kare ba ne, gidanmu ma ba a taɓa ajiye shi ba. Ɓarayin awaki ne suka kai ni. Gidanmu shi ne na ƙarshe a bakin garin Gazawa, bayan danga sai gonaki, kuma a damina guda aka kwance mini akuya biyu. Ranar kasuwar Gangara wani Bafillace da muke mutunci da shi ya ba ni kwikwiyo, ja mai farin ƙirji, bai fi wata huɗu ba. Na sa shi cikin kwali, na ɗaure a bayan moto, wato babur ɗina, muka taho.

Inna, mahaifiyata, tana zaune tare da mu tun rasuwar Baba. Ta dubi kwalin, ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta juya wajen matata ta ce, "Gaya masa najasa ce ya shigo da ita gida." Na ce can wurin awaki zai zauna. 

Sati biyu lafiya lau. Sai wata safiya muka tashi ya ɓata ko'ina da zawo, ruwa tsululu, yana kwance cikinsa na ƙugi. Na dafa masa ganyen sabara na ɗura masa. Bayan kwana biyu ya miƙe, har yana bin kaji. Na ce shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba: mako bai zagayo ba abin ya dawo. Na jiƙa bagaruwa, ya tsaya, ya sake dawowa. Kwikwiyo sai ramewa yake, haƙarƙarinsa duk a waje.

Ni mutum ne mai saurin fushi, ban ɓoye ba. Na zargi Bafillace da ba ni mai ciwo. Na zargi matata da zuba masa ragowar miya, ta rantse tuwo zalla take ba shi. A ƙarshe na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya ce in riƙa ajiye masa ruwa mai tsabta, sannan ya tambaye ni, "Ban da tuwo, me yake ci?" Na ce ba komai. Ya ce, "To, ka duba da kyau. Ciki ba ya ɓaci haka kawai."

Ana cikin haka kwikwiyo ya yi aika-aika. Ya kwance igiyarsa, ya je gindin dogon yaron da Inna take shimfiɗa tabarmar sallarta, ya yi a nan. Ranar ce ta yi mini magana kai tsaye, ba ta hanyar kowa ba. Ta ce, "Kai, in ya sake, ka mayar da shi inda ka ɗauko shi." Na ce to. Raina bai so ba, don na riga na saba da shi. Ƙarar motona kawai yake ji tun daga kan hanya ya hau kaɗa wutsiya. Kuma na san Bafillace ba zai yi jinyar kare ba, daji zai sake shi.

Matata ce ta gano bakin zaren. Ita ke zuba toka ta kwashe ƙazantar. Ta ce, "Maigida, ka lura kuwa? Ban taɓa kwashewa ranar Talata ko Laraba ba. Kullum Asabar ce." Na yi tunani, gaskiyarta. To me ake yi ranar Juma'a? Ni daga masallaci tasha nake wucewa wurin aiki sai yamma, ita kuma takan je gaida iyayenta.

Juma'ar da ta biyo, ana sallamewa na dawo gida a ƙasa, don kada ƙarar moto ta tona ni. Tun rasuwar Baba, duk Juma'a Inna takan dama fura da nono mai kauri, ta sa sukari da yaji, ta raba wa maƙwabta sadaka, ladan ya kai masa. Abin da aka fitar da sunan sadaka kuwa ba ta yarda ɗan gida ya sha, ba ta kuma zubarwa. Na leƙa ta danga, sai ga ta da ƙwarya a hannu. Ta juye ragowar cikin wani fasasshen kasko, ta tsaya nesa ta tattare zaninta, ta tura masa da sanda. Ya shanye tas, ya lashe kasko.

Dariya ta so kama ni, sai kuma tausayi. Na yi sallama na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, furar nan ce. Cikinsa ba ya ɗaukar nono da yaji haka."

Ta ce, "Nono ne zai cuci mai rai? Da shi na raine ku."

Na ce, "Mu mutane ne, Inna. A gwada hana shi sau ɗaya mu gani."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shige ɗaki. Amma Juma'a ta gaba ragowar furar gidan wata tsohuwa makauniya ta tafi, Asabar kuma gari ya waye fes. Ta bayanta ma haka. Kwikwiyo ya fara ƙiba.

Bayan sati uku ta aiko matata ta kira ni. Na same ta zaune tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Laifin nawa ne, na kuma ɗora wa wanda ba ya da bakin faɗi. Ka bar shi ya zauna." Ta ci gaba da tsintarta, can ta ƙara da cewa, "Shekara huɗu ina yi wa mahaifinka sadaka. Ban taɓa tambayar wanda ya sha ba ko ya kwana lafiya."