Yatsar Atine a Wuyan Ɗana

Atine ta danne jijiyar wuyan ɗana Gado da yatsarta har aka ɗinke.

Ma'aikaciyar ɗakin tiyata ce a wani asibiti nan Gadarif. Bana ta ajiye aiki. Tun ƙuruciyarta aikinta ɗaya: ta riga kowa zuwa, ta dafa wuƙaƙe da almakashi, ta jera, ta miƙa wa likita abin da ya nema. Majinyaci bai cika ganin fuskarta ba, yana barci take aikinta. Shi ya sa ba a san ta ba.

Gado ya faɗo daga motar riɗi a Fashaga, ƙashin wuyansa ya goce. Likitoci biyu suka shiga gyara. Akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin nan, tana kai jini ƙwaƙwalwa. Ana cikin aiki, ƙarfen tiyata ya yanke ta. Lado, mai sa wa majinyata barci, yana wurin. Ya ce mini jini ya rufe komai. Atine ta cusa auduga, ta ɗora yatsa. Sai an fafe ƙashi kafin allura ta kai wurin, kuma aikin ya daɗe. Hannunta ya mutu. Aka ce a canje ta, ta ce, "Daktur, yi aikinka. In na ɗaga, ya tafi."

Yau Gado yana noma.

Ni ba mai yabo ba ne. Amma Atine, ke ce kika tsaya tsakanin ɗana da kabari. Na gode. Allah Ya saka. 'Yan matan da suka gaje ki, su koyi wannan tsayuwa.

Saura abu ɗaya. Ranar da na yanka ragon karama, sadakar samun lafiya, 'yan'uwan Gado suka so sanin likitan da hannunsa ya kuskure ya yanke jijiyar. Ni ma na so, kuma ba don alheri ba. Lado ya ce yana bayan labule, bai ga wanda ya yanke ba. Atine ta gani. Na tambaye ta, ta ƙi faɗa.

Da ta bar aiki na koma gidanta. Na ce, "'Yata, yanzu ba mai korar ki. Wane ne cikinsu?"

Ta zuba mini shayi.

"Baba Alhaji, su biyun suka ɗinke. Halas, zance ya ƙare. Ba zan faɗa ba."