Walimar Baba a Jirage Biyu

Dattijon da ke tuƙa motar ma'aikatarmu ya daɗe a Doha, kullum yana bin titin bakin teku, amma bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Da ya tashi komawa gida, muka tambaye shi irin walimar da yake so. Ya ce a kai shi kan ruwa ya ga garin daga can, shi da mutanensa.

Ni aka ɗora wa aikin. Na yi hayar jirgin katako guda, na tambayi matuƙin jirgin ko akwai izinin da za mu nema. Ya ce babu. Jirgi ɗaya da baƙinsa yawo ne kawai, muddin ba a wuce adadin da lasisinsa ya yarda ba.

Abin da na manta shi ne gayyata irin tamu. Duk wanda aka gaya wa ya gaya wa wani. Ranar Juma'a bayan la'asar, masu gadi da direbobi suka yi ta saukowa daga bas ɗin Sana'iyya, unguwar masana'antu inda ma'aikata ke kwana, kowa da abokin ɗakinsa, har muka ninka adadin da jirgin ke ɗauka.

Matuƙin ya duba mu ya girgiza kai.

Wani likita daga cikinmu ya ce, "To a ƙaro jirgi mana, in mun yi nisa a ɗaure su wuri ɗaya."

Matuƙin ya ce da zarar jirage sun haɗu a kan ruwa, ya zama taro, shi kuwa taro sai da izini tun kafin ranar. Khalas, wato magana ta ƙare.

Na juya ga dattijon na ce, "Baba, zaɓi waɗanda za su hau."

Ya ce, "Haba ɗana! Mutum ya yi wanka ya sa shadda dominka, ka ce masa ya koma?"

A ƙarshe muka ɗauki jirgi na biyu, da sharaɗin kowanne ya kama hanyarsa. Ban ga laifin dokar ba. Ruwa ba ƙofar gida ba ne, inda ake ƙara tabarma in baƙi sun yi yawa.

Na zauna kusa da Baba. Dogayen benayen da ya so gani suna hannun hagu, rana na faɗuwa a bayansu. Shi kuwa dama yake kallo, inda ɗayan jirgin ke ƙara nisa.

Can ya taɓa ni ya ce, "Kira su ka ji, an ba su abinci kuwa?"