Irin Geron Gwaggo Rifkatu

Wata Lahadi a watan Afrilu, ina shekara tara, wani baƙo mai farin kwat ya tsaya gaban majami'ar ƙauyenmu ya ce Ubangiji ya yi masa magana: yayyafin da aka yi jiya shi ne ruwan shuka, duk mai bangaskiya ya fita da irinsa gobe. Aka ɗauki guɗa. Gwaggo Rifkatu, ƙanwar babana wadda ta riƙe ni, ta miƙe daga bencin zumuntar mata ta ce, “Malam, na tona ƙasa da safen nan. Laimar ba ta wuce yatsa ba. Kada ka sa wa Allah magana a baki.” Dattawa suka ce ta zauna. Ta ƙi zama har aka tashi.

Washegari gari ya fita da sungumi, mu kaɗai muka rage a gida muna ɓarar gyaɗa. Irin geronmu yana cikin tulu, ta liƙe bakinsa da laka. A rijiya mata suka daina amsa gaisuwarta, a dandali aka hana ni shiga gaɗa, a makaranta ana kirana 'yar mara bangaskiya. Na roƙe ta mu shuka ko kunya ɗaya ce don a bar mu mu huta. Ta ce, “Ko ni kaɗai na rage a garin nan, ba zan ce amin ga ƙarya ba.”

Rana ta buɗe har mako uku. Tsiro ya fito ya ƙone, baƙon ya hau babur ɗinsa bai yi sallama da kowa ba. Na ruga gida da murna in faɗa wa Gwaggo mun yi nasara, sai na iske ta bayan rumbu tana kuka. Ta jawo ni ta ba ni labarin Annabi Irmiya, yadda masu annabcin ƙarya suka riƙa ce wa jama'a lafiya lau alhali masifa na bakin ƙofa, shi kuwa zuciyarsa ta karye don mutanensa ne za su sha wahalar. “Yaran Talatu me za su ci bana?” in ji ta. Talatu ce ta fi kowa zaginta a rijiya. Da ruwan gaske ya sauka, Gwaggo ta fasa bakin tulun, ta fara kai wa Talatu ƙwarya guda.

Yanzu ina aikin jinya a Doha. Lokacin korona, na dawo ɗakina a unguwar Muntaza da shatin takunkumi a fuska, sai na tarar a zauren wayar 'yan garinmu wani sabon annabi yana cewa allurar rigakafi ta marasa bangaskiya ce. Na ɗauki muryata na faɗi abin da idona ke gani a asibiti. Suka cire ni. Na sa ƙanena ya sake turawa, shi ma suka cire shi. Da aka zo gasar cin kofin duniya, titi ya cika da ganguna da tutoci, ni kuwa ina tuna dattawan garinmu da suka saurari sabon annabin, cutar ta ɗauke su, ba zan sake gaishe su ba. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, babu wanda zan kai wa wannan labari. Bakinta na gada tun ina ƙarama, kukan ne sai a Doha na koya.