Ragon Yatsan Karam Din

Shekara arba'in da takwas Karam Din ya yi a bakin tanderu ɗaya, a lungun marina cikin tsohon garin Multan na ƙasar Pakistan, kuma duk wanda ya ce maka ya taɓa karɓar ƙonanniyar gurasa daga hannunsa, sharri ne kawai. Yana ɗan shekara goma sha biyu ubansa ya kawo shi koyo. Mai tanderun ya rasu, gidajen lungun sun sake masu su, shi kuwa yana nan bisa dakalinsa ya naɗe ƙafa, girarsa duk ta babbake.

Akwai ɗan matashin kai da masu gurasa ke shimfiɗa ƙullu a kai su manna a bangon tanderu. Karam Din yana da nasa, amma a rataye yake yana shan ƙura. Da tafin hannu yake manna tasa, in ta fito kuma ya cafe ta da zafinta ya latsa, ya ji ko ta nuna har ciki. Saboda haka yatsunsa suka yi sumul kamar bayan cokali, in banda ƙaramin yatsan hagu. Shi wannan tun yana yaro ya karye, ya warke a sandare, ya tsaya sama abinsa, bai taɓa ƙullu ba balle wuta. Rago yake kiransa.

"Tara na aiki, shi yana kallo," yakan ce da masu saye. "Kuma in an zauna cin abinci tare za a zo da shi."

Banki kuwa bai taɓa taka ƙofarsa ba. Abin da ya samu yakan miƙa wa matarsa Sugra, ita ta san yadda take juya shi, har suka aurar da 'yarsu Nasrin ba su ji kunya ba.

Ana nan sai shugabar makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta ci gurasarsa a wajen wani biki. Ta aiko masa cewa tana son ya riƙa kai wa ɗalibanta safe da yamma. Sharaɗi ɗaya ne: makaranta ba ta biya a hannu. Ya kawo lambar asusun banki zuwa ranar Alhamis, in ba haka ba a bai wa masu gurasar inji. Maganar gurasar injin nan ita ta fi tsaya masa a rai.

Surukinsa Tanwir, mijin Nasrin mai shagon wayoyi, ya zo da shawara.

"Abba-ji, me zai kai ka banki da zafin nan? A sa lambata, kuɗi na shigowa in ciro in kawo maka."

"A takardar makarantar, sunan wa za a rubuta a matsayin mai gurasa?"

"Nawa mana. Ai duk ɗaya ne."

"Ka taɓa leƙa cikin tanderu?"

"Abba-ji..."

"Da girarka cif-cif haka? Kai dai je ka sayar da waya."

Ba wai yana tsoron Tanwir zai cuce shi ba ne, yaron kirki ne, surutu dai ya yi masa yawa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce karon farko da za a rubuta gurasarsa a takarda, sunan wani ne zai hau kai. Ya ce da kansa zai zaɓi banki, kuma yadda yake zaɓen garin alkama zai yi, sai ya sa hannu ya ji.

Ranar Litinin ya sa farar rigarsa ta Idi, Tanwir ya ɗauke shi a babur zuwa babban bankin da shi yake ajiya, mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Sanyi ya buge shi tun daga ƙofa. Wani saurayi mai nakatai a wuya ya karɓi katin shaidarsa da yatsu biyu, ya turo masa wata 'yar na'ura.

"Dangwala babban yatsa, Baba-ji."

Ya dangwala, ta kawo ja. Ya goga a riga ya sake, ja. Aka gwada na hagu, ja.

"Ba ta gan ka ba," in ji saurayin, idonsa na kan na baya. "Na gaba."

"Ga ni zaune a gabanka, ba ta gan ni ba?"

"Ba ka da zanen yatsa, Baba-ji. Ba laifina ba ne."

Ranar Talata ya je bankin da wanzamin lungu ya yaba masa, kusa da kotu. Can sun fi fara'a, har ruwa suka ba shi, amma na'urarsu ma ja ta kawo. Wani mai tumbi ya ba shi shawara cikin tausayi, ya je asibiti likita ya rubuto masa takarda cewa hannuwansa sun nakasa.

Karam Din ya ɗaga hannuwan ya dube su, ya dubi tumbin mutumin.

"Nakasa? Waɗannan? Ɗana, ka zo gobe bayan asuba ka tsaya kusa da ni rabin awa, mu ga wanda za a kai asibiti."

A gida bai taɓa abinci ba. Ya zauna a gadon igiya yana juya tafukansa, ransa a ɓace ƙwarai. Bai taɓa jin kunyar hannuwan nan ba sai yau.

"Baban Nasrin," in ji Sugra, "saura bankin kasuwar garin alkama."

"Wannan ɗan akurkin? Ko fankar kirki ba su da ita."

"Fanka za ka ajiye ko kuɗi? Ka je na masu gilashi sun ce babu kai a duniya. Sha shayinka ya huce."

Ranar Laraba bai sa rigar Idi ba. Daga tanderu ya wuce, gari har gwiwar hannu, don ya riga ya fid da rai. Tanwir ya biyo shi da takardar makarantar a aljihu, ya ma cika ta da nasa sunan ko da za a buƙata. Bankin ɗaki ɗaya ne tsakanin shagunan buhuna, cike da 'yan dako da masu awo, ba wanda ya ko kalli garin da ke jikinsa. Mai gadi ya tashi daga kujerarsa ya ba shi.

Da layi ya zo kansa, wata matashiya mai tabarau ta karɓi katin ta karanta, ta ɗago kai, ta kira shi yadda ake kiran gwanin sana'a.

"Ustad-ji! Na lungun marina?"

"Kin san ni ne, 'yata?"

"Rubina ce, 'yar Yakub mai gyaran keke. Ni ce mai zuwa da jan ƙyalle, kullum kana cewa in daina gutsurar gefen gurasa a hanya."

"Ke ce ɓeran nan! Kin daina?"

"Har yau ban daina ba."

Aka gwada babban yatsa, ja. Ya ja hannunsa zai miƙe, ta ce ya dakata, ai lokacin da aka yi masa kati duka goma aka ɗauka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana goge gilashin da bakin mayafinta, masu layi na tsaki tana yi kamar ba ta ji ba. Na dama biyar suka ƙare, ja. Na hagu huɗu, ja. Karam Din ya naɗe hannu.

"Shi ke nan, 'yata, kin yi ƙoƙari."

"Saura Rago."

Ya yi sororo. "Wa ya gaya miki sunansa?"

"Ustad-ji, duk yaran lungu haka muke ɗaga yatsa in muna wasan gurasa da taɓo. Kawo shi."

Da yake ba ya lanƙwasuwa, sai da ya miƙe tsaye ya karkace kafaɗa kafin yatsan ya kwanta a gilashin. Na'urar ta yi shiru, sannan ta kawo kore. Rubina ta juyo masa da allon, ga hotonsa, ga sunansa da na ubansa. Wani ɗan dako ya buga kabbara, aka kwashe da dariya. Karam Din bai yi dariya ba. Karatu ba ya yi, amma ya san siffar sunansa, ya tsaya yana kallonsa har idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙin tanderu ne bai sake shi ba.

Tanwir ya matso kusa da kunnensa.

"Abba-ji, tunda mun gane yatsan, mu koma babban bankin. Reshe gare su ko'ina, komai a waya ake yi. Nan fa ko wurin ajiye babur babu."

Gaskiya ya faɗa, kuma Karam Din ya san gaskiya ce. Ya dubi fankar da ke juyawa da ƙyar, ya dubi mai gadin da har yanzu yake tsaye saboda shi.

"Can biyu suka gwada suka ce babu ni. Nan an ƙirga har goma. Yaga waccan takardar, a kawo sabuwa."

Ranar Alhamis da hantsi ya kai takardar makaranta da kansa, a kan hanya kuma ya ajiye wa Rubina gurasa biyar cikin jan ƙyalle, ya gutsure gefen ta sama don ya rage mata aiki.

Yanzu in ka je lungun marina, katin bankin na cikin aljihun ƙirjinsa a naɗe da leda, kuma ba sai ka tambaya ba zai nuna maka. Wanzami ya tsokane shi kwanan baya, ya ce ashe Rago ne mai gidan.

Karam Din ya zare gurasa daga wuta, ya latsa ta da yatsunsa masu sumul, ƙaramin na tsaye a sama.

"Ku daina ce masa Rago," ya ce. "Tara sun ba da nasu zanen sun ci da unguwa. Shi aka bar wa ajiyar sunana, kuma shekara arba'in da takwas bai yar ba."