Hula a Hannu

Jiya maƙwabciyata ta narkar da man kaɗe a bayan ɗakinta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Sai na ga hannuna ya tsaya cak a cikin faifai. Ban sani ba ko kai mai karatu ka san warin nan, mai ɗan hayaƙi-hayaƙi, wanda ke maƙalewa a zane ko an wanke. Ni dai duk inda na ji shi, ƙafafun Yayana nake gani a miƙe bisa tabarma, Kaka tana murza su tana mita, shi kuwa yana dariya idanunsa a rufe.

A wani ɗan ƙauye aka haife mu cikin ƙasar Kalgo, wanda ko gishiri za a saya sai an taka zuwa Diggi. Gidanmu akwai Baba da Inna, da ƙanen Baba da muke kira Baffa, da Kaka mahaifiyarsu, sai mu yara. Inna daga wajen Gwandu aka auro ta, 'yar masu shanu ce, kuma kowa ya ce a wurin danginta Yaya ya ɗauko dogayen ƙafafun nan nasa marasa nama.

A lokacin babu waya a wajenmu, babur kuwa sai a yi wata ba a ji ƙararsa ba. In aka yi rasuwa, da ƙafa ake kai labari, kuma a guje, don 'yan'uwa na nesa su samu jana'iza. Baffa ne mai wannan aiki tun yana saurayi. Kuma abin yana da ƙa'idarsa, wadda ko yaron goye ya tashi da ita. Babban mutum ba ya gudu haka kawai. In ka hango namiji a guje da hularsa a ka, to haihuwa ce, ko saniya ta ɓalle. In kuwa ya cire hular ya riƙe a hannu, mutuwa ce ya ɗauko. An yi haka ne don mutane su fara salati tun daga nesa, kada maganar ta faɗo musu kwatsam. Mata su jingine taɓarya, maza su fara laluben takalma, kafin mai gudun ya iso zuciya ta ɗan shirya.

Yaya kaɗai aka sa boko a gidanmu. Mu mata ba a kai mu ba. Ni sai da na yaye 'ya'ya na zauna ajin yaƙi da jahilci a nan Gwandu. Makarantar tasu da nisa, shi kuma ga aikin safe kafin ya fita, don haka kullum a guje yake zuwa. Malaminsu ya lura yaron nan yana isowa ba ya ko haki. Wata rana ya kira shi ya ce za a yi gasar dogon gudu ta 'yan makaranta a Birnin Kebbi kafin damina, kuma shi ya zaɓa. Ya ce amma sai ya riƙa gwadawa kullum, mai nisa, har ƙirjinsa ya saba.

Baba bai so ba, amma bai hana ba. Baffa kuwa, wanda gwiwoyinsa suka fara ciwo a lokacin, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya zaunar da Yaya a gindin rumbu ya ce, "Rufe bakinka ka numfasa ta hanci. In ka kai rijiya, kurkure baki ka zubar, kada ka cika ciki. Kuma wagga hula taka, ko mi ya faru, tana bisa kanka. Ka ji ni?"

Yaya ya ce ya ji.

An gama girbi ke nan. Gonaki sun zama fili, karan gero a kwance, shanun Fulani sun shigo suna kiwo a ciki. Da an sallame sallar asuba sai Yaya ya ɗaure wandonsa, ya danna hula, ya fita ba takalmi. Ina tsayawa a bakin danga in bi shi da kallo har ya zama ɗan ɗigo wajen kukar da ke ƙarshen gonarmu. Ba ya gudu irin na Baffa, mai ɗaure fuska kamar ana binsa bashin numfashi. Shi nasa a sake yake, kafaɗunsa a ƙasa, kamar mai zuwa wurin da ake son ganinsa.

In ya dawo, rana ta ɗan ɗaga, jikinsa sharkaf, sai ya zube a tabarmar Kaka. Tana shafa masa mai tana cewa, "Mutum ba a kore shi ba, ba a aike shi ba, ya tashi ya wahal da ƙashinsa. Boko dai ba ta bar komi ba." Amma fa ba ta taɓa barin kowa ya shafa masa ba sai ita. Shi kuma sai ya riƙa ba ni labarin hanya: masunta da ya gani suna gyaran koma a bakin fadama, warin shinkafar da ake turarawa a wani gida, zabin daji da suka tashi fir a gabansa. Wata rana ya ce mini, "Ƙanwata, in na wuce fadama akwai inda gajiya ke sakina. Sai in ji kamar ba ni ke ɗaga ƙafar ba. Wallahi da za a bar ni, sai in kai Gwandu in gaida su Kawu in dawo." Sau ɗaya na ce zan bi shi. Ban kai ko kuka ba gefen cikina ya murɗe, na tsuguna ina kuka, ya dawo ya goya ni yana mini tsiya har gida.

Da farko mutanen ƙauyukan da yake ratsawa sun riƙa firgita. Daga baya suka saba. In ya doso rijiya sai ya dafa hularsa don su gani, mata su kwashe da dariya. "Ɗan boko, wa ya biyo ka yau, kura ko malam?" Shi ko juyowa ba ya yi, sai dai ya ɗaga hannu.

Ana cikin haka Kaka ta kwanta. Tari ne da zazzaɓi, har ta daina fitowa tsakar gida, kuma labari ya bazu ko'ina. Tana da 'ya mace guda, ƙanwar Baba, Goggonmu, da ke aure a Dangoma. Goggo ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai a shekarar nan Allah ya ba ta ciki, har ya fito. Mijinta ya ce ba za ta taka wannan nisa ba a halin da take. Don haka duk wanda ya fito daga wajenmu sai ta tare shi ta tambayi jikin uwarta.

Ranar da abin ya faru, Kaka ma ta ji sauƙi, har ta sha kunu. Yaya ya fita kamar kullum, ya bi hanyar Dangoma. Shi ya gaya mini daga baya cewa bayan ya wuce fadama, a daidai inda gajiyar nan ke sakinsa, reshen bagaruwa ya fizge hularsa. Ya cafke ta kafin ta kai ƙasa, ya ce bari ya fita daga ƙayar ya mayar. Sai daɗin gudun ya ɗauke shi. Ya manta akwai wani abu a hannunsa.

Goggo tana bakin rijiya, an ɗora mata tulu ke nan. Ta ɗaga ido ta hango ɗan yayanta a guje, kansa a buɗe, hula a hannu. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta ko yi salati ba. Ƙara ɗaya ta yi, tulun ya suɓuce, ita ma ta bi shi, cikinta ya bugi dutsen bakin rijiya. Mata suka ɗauki kuka. Yaya ya iso ya tsaya yana dube-dube, bai san abin da ake wa kuka ba, har wani tsoho ya daka masa tsawa, "Wa ya rasu?" A nan ya dubi hannunsa.

"Ba kowa! Kaka lafiya lau take, kunu ma ta sha!"

Ya yi ta maimaitawa, ba mai jinsa. Kafin la'asar Goggo ta yi ɓari. Namiji ne.

Ba wanda ya doke shi. Ni a lokacin na so a ce dukan aka yi masa, abin ya wuce. Bayan kwana biyu manya suka zauna a ƙofar gida, Baba da Baffa da mijin Goggo da liman, mu kuma muka laɓe a bayan zaure. Malamin su Yaya ya zo a keke, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce tsautsayi ne, yaro bai yi da gangan ba. Ya ce irin ƙafar yaron nan bai taɓa ganinta ba, in ya je Birnin Kebbi ya yi abin kirki, ana iya ɗaukarsa makarantar gaba. Mijin Goggo kuwa yana ta zana ƙasa da kara.

Baba ya bari ya gama, sannan ya ce a hankali, "Malam, mun gode. Amma nan wajenmu gudu magana ce. Ɗana ya shiga garin mutane ya faɗi abin da ba a yi ba, har an rasa rai. In na bar shi ya ci gaba, gobe wa zai yarda da Baffansa in ya taho da gaskiya? Ba zai ƙara gudu ba sai an aike shi."

Na leƙa ta tsagar zana na dubi Baffa, ko zai sa baki. Kansa na ƙasa.

Ranar gasar, Yaya ya ɗauki gatari ya tafi sharar gona tun da safe. Wani yaro aka tura a madadinsa. Bai tambayi yadda aka ƙare ba, mu ma ba mu gaya masa ba. Ya koma tafiya a hankali kamar tsoho, ko makaranta ya makara sai dai ya sha bulala. Da asuba nakan ji ya farka, ya yi salla, ya zauna a bakin ɗaki yana kaɗa ƙafa har gari ya waye.

Da ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, kowa na shirin shuka, Kaka ta cika da hantsi. Gwiwar Baffa ta kumbura, ko masallaci da sanda yake zuwa. Baba ya fito daga ɗakinta ya dubi tsakar gida, idonsa ya tsaya kan Yaya. Ya ce, "Tashi ka faɗa wa Goggonka."

Yaya ya miƙe. A bakin zaure ya cire hularsa da kansa. Ina kuka, amma na bi shi zuwa danga. Ƙafafun ba su manta komai ba. Yadda ya saba sakin kafaɗunsa, haka ya sake su.

Daga ranar aikin ya zama nasa. Boko ta tsaya a nan. Shekara da shekaru, duk wanda ya rasu a ƙauyenmu, Yaya ne zai tashi: Diggi, Wurogauri, Dangoma, har cikin Kalgo. Matan da ke masa tsiya a bakin rijiya suka koma kawar da kai in sun hango shi, suna cewa Allah ya sa ba gidanmu ba. Ko kasuwa ya shiga a tafe, sai ka ga an fara duban kansa kafin a amsa sallamarsa. Yara kan watse in ya doso. Mutum mai son hira ya zama ba ya daɗewa a cikin taro.

Yanzu duk wannan ya wuce. Labarin mutuwa a waya yake samuna, ina tsaka da tuƙa tuwo, babu hangowa daga nesa, babu shiri. Hanyoyin cikin gonakin ma ba kowa ke yarda ya bi su shi kaɗai da sassafe ba, don dajin ba kamar da yake ba. A nan Gwandu kuwa nakan ga samari suna gudu a gefen kwalta da fararen takalma, an toshe kunne da abin jin waƙa, ba mai ɗaga kai ya dube su. Ba su tsorata kowa, ba manyan da za su yi zama a kansu.

Yaya yana Kalgo wurin babban ɗansa. Ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa inuwar ƙofar gida sai an riƙe shi. Bayan sallar layya na je duba shi, na ba shi labarin samarin nan, ina zaton zai yi dariya. Bai yi dariyar ba. Sannan ya duba ya ga ba kowa kusa, ya ce, "Ƙanwata, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk shekarun nan, in na ji an fasa kuka a wani gida, kafin in yi salati, akwai abin da ke motsawa a ƙirjina. Murna ce. Sai in ce yau zan yi gudu. Har ranar da Inna ta rasu, da aka ce in kai labari Gwandu, na ji ta."

Na ce masa Allah mai gafara ne, kuma Allah ya san abin da aka yi masa yana yaro. Ya ce ya sani.

Na zauna tare da shi har aka kira la'asar, ina neman wata magana da ta fi wannan in ba shi. Mu da muka sha nono ɗaya, na iya karatu yanzu, na iya rubuta duk abin nan da ka karanta, amma ban samu ko kalma guda ba. Da ladan ya gama, jikansa ya kawo masa buta, ya yi alwala a zaune, ya yi sallarsa a zaune.